Makaranta Ɗaya, Hanya Biyu

A birnin Accra, wanda tsofaffin Zango ke kira Ankara, akwai unguwannin da in baƙo daga ƙasar Hausa ya shiga sai ya ji kamar bai bar gida ba. Akwai Nima da Mamobi, akwai Sabon Zango da Fadama, akwai kuma Tudu can cikin gari, kusa da kasuwar Makola. Mazauna wuraren nan ba kabila ɗaya ba ne. Akwai Hausawa da Fulani da Zabarmawa, akwai Kotokoli da Mosawa da Dagomba, amma da Hausa suke ciniki, da ita suke gaisuwa, da ita kuma uwa ke kiran ɗanta in magariba ta yi. Sunayen wuraren ma sun isa shaida. Tudu dai tudu ne, mararrabar da ke kusa da Nima kuwa sunanta Kawo Kuɗi.

Gidaje a Nima a cushe suke, lungunan kuma ƙanana ne, amma duk inda aka sami fili ko da na shanya tufafi ne, za a tarar da yara suna buga ƙwallo. Duwatsu biyu sun isa raga, takalmi kuwa ba dole ba ne. Wannan ba sabon abu ba ne, gama tun zamanin Baba Yara na Kumasi da Muhammad Polo na ƙungiyar Hearts of Oak, 'ya'yan Zango suke cikin waɗanda suka ɗaukaka sunan Gana a fagen tamaula. Abin da ya sauya shi ne yawan kuɗin da ke cikin wasan, da yadda labarinsa ke shiga kowane ɗaki ta talabijin da wayar hannu. Yaron da ya ga ɗan unguwarsu yana wasa a Landan ba ya ƙara ganin amfanin zama a aji. Uban da ke fama da kuɗin haya kuwa, in aka ce masa ƙafar ɗansa za ta iya gina masa gida, zuciyarsa takan rabu biyu: ya tsare yaron a makaranta, ko ya sake shi ga ƙwallo?

Tambayar ba ƙarama ba ce, domin a kanta akan sayar da fili, akan ci bashi, akan kuma raba yaro da karatu a shekarun da ba za su komo ba. Labarin waɗansu 'yan wasan gaba guda biyu zai taimaki mai neman amsa. Makaranta ɗaya ta rene su, amma kowannensu da hanyar da ya bi. Ɗaya shi ne Muhammad Kudus, ɗan Nima. Ɗayan kuwa Abu Ɗanladi ne, wanda aka haifa a Takoradi, amma duk Bahaushen da ya ji sunansa ya san sunan na gida ne.

Makarantar da ta haɗa su ana kiranta Right to Dream, wato kowane yaro yana da ikon ya yi buri. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Tom Vernon ne ya kafa ta a Accra a 1999, da yara kaɗan, tun shi kansa yana saurayi. Daga baya ta sami mazauni a Old Akrade, a bakin kogin Volta kusa da Akosombo, inda motocin tashar Tudu ke zuwa. Iyaye ba sa biyan ko kwabo. Masu neman yara sukan zaga garuruwa da ƙauyuka suna gwaji, su ɗauki kaɗan daga cikin ɗimbin da suka zo. Ba ƙafa kaɗai suke dubawa ba, suna duba hali da kaifin kai. Wanda aka ɗauka yakan kwana a makarantar, ya yi aji kamar kowane ɗalibi, ya yi atisaye, ya kuma zauna jarrabawa. A ƙarshe ƙofa biyu ke gabansa. Ko dai ya shiga ƙungiyar ƙwararru, ko kuwa a nemo masa gurbin karatu kyauta a Amurka ko Ingila.

Ɗanladi ne babba, an haife shi a 1995, shi kuma ya bi ƙofar karatu. Yana ɗan saurayi ya tafi jihar Kalifoniya, ya shiga wata makarantar kwana mai suna Dunn School a ƙauyen Los Olivos. A nan ya kamata a bayyana wani abu game da Amurka, domin al'adarsu ta bambanta da ta Gana da ta Turai. A can makarantu da jami'o'i ne ke renon 'yan wasa. Babbar jami'a takan kasance da ƙungiyarta da filinta da kocinta, takan kuma ɗauke wa ɗan wasa mai kyau kuɗin karatu da na abinci da na ɗaki domin ya buga mata. Amma da sharaɗi. Sai ya cika sharuɗɗan shiga, sai kuma ya riƙa cin darussansa kowane zango. In makinsa ya faɗi ƙasa da ƙa'ida, sai a hana shi rigar wasa, komai iyawarsa. Kakar wasansu gajera ce, daga ƙarshen Agusta zuwa Disamba, sauran watannin kuwa littafi ne ke da rinjaye.

Ɗanladi ya yi suna tun yana Dunn. A 2014 kamfanin Gatorade, wanda ke ba da kyauta kowace shekara ga gwanin 'yan makarantun sakandare, ya zaɓe shi gwarzon ƙwallon ƙafa na Amurka duka. Ba shi ne ɗan Right to Dream na farko da ya ci kyautar ba, gama Emmanuel Boateng ya riga shi a 2012. A wannan shekara ta 2014 ya shiga Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, wadda aka fi sani da UCLA, ɗaya daga cikin manyan jami'o'in ƙasar. A shekararsa ta fari ƙungiyar jami'ar ta kai wasan ƙarshe na gasar jami'o'in Amurka. Sun kara da Jami'ar Virginia, aka tashi ba ci, sai aka je bugun daga kai sai mai tsaron gida, Virginia ta ɗauke kofin. Ya buga wa UCLA kaka uku, daga 2014 zuwa 2016, yana cin ƙwallo yana kuma ba abokansa su ci, ga gudu kamar barewa.

Yadda ake shiga gasar ƙwararru ta Amurka, wadda ake kira MLS, shi ma daban ne. Sau ɗaya a shekara ƙungiyoyi sukan taru su zaɓi 'yan wasa daga jami'o'i bi da bi, sabuwar ƙungiya ko wadda ta zo ƙarshe ita ke fara zaɓe. A Janairu 2017 sabuwar ƙungiyar Minnesota United ce ke da zaɓin farko, a cikin 'yan jami'o'in Amurka kaf kuwa ba ta kira sunan kowa ba sai Abu Ɗanladi. Ya bar jami'a saura masa shekara guda, a ƙarƙashin wani shiri mai suna Generation Adidas. Shirin yana ba gwanaye dama su fita da wuri, amma yana ajiye musu kuɗin ƙarasa karatu ko da wasan bai karɓe su ba. A kakarsa ta farko ya ci ƙwallo 8, ya zo na biyu a zaɓen gwanin sababbin 'yan wasa. A lokacin, da an tambayi masana wane ɗan gaba ne daga Right to Dream zai fi nisa, da yawa za su ambaci sunansa.

Amma duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Ɗan wasan da ƙarfinsa ke cikin gudu, jijiyar cinya ita ce jarinsa, ta Ɗanladi kuwa ta riƙa ba shi wahala. Ya warke ya komo, ya buga wasa kaɗan, ciwo ya sake tashi. Ƙwallayen da ya ci a shekarun da suka biyo baya ba su kai na shekarar farko ba. A ƙarshen 2019 wata sabuwar ƙungiya, Nashville, ta ɗauke shi, ya yi kaka biyu a can. A 2022 ya koma Minnesota, ya yi kaka ɗaya. Ba rashin ƙwazo ba ne, ba kuma lalaci ba. Jiki ne ya ƙi ba da abin da zuciya ke so, wannan kuwa ba wanda ya fi ƙarfinsa.

Shi kuwa Kudus an haife shi a ranar 2 ga Agusta 2000, ya tashi a Nima. Ya fara wasa a wata ƙungiyar yara ta unguwa mai suna Strong Tower, irin ƙungiyoyin da a Gana ake kira Colts, waɗanda masu horarwa ke riƙewa da ɗan abin da ke aljihunsu. Daga nan Right to Dream ta ɗauke shi yana yaro. Sa'ad da Ɗanladi ke karɓar kyauta a Amurka, Kudus yana aji a bakin kogin Volta, ba wanda ya san sunansa sai malamansa da mutanen unguwarsu.

A zamaninsa wata sabuwar ƙofa ta buɗe. A ƙarshen 2015 Tom Vernon da abokansa suka sayi wata ƙungiya a ƙasar Denmak mai suna Nordsjælland, domin yaran da suka gama makaranta su sami inda za su fara wasa a Turai ba tare da sun faɗa hannun dillalai ba. Akwai wata doka ta hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, wadda ya kamata kowane uba a Zango ya sani. Dokar ta hana a ɗauki yaro daga wata ƙasa zuwa wata domin wasa kafin ya cika shekara 18, sai a waɗansu halaye kaɗan da ba su cika shafar ɗan Afirka ba. Saboda haka Kudus bai buga wa Nordsjælland wasan gasa ba sai a Agusta 2018, kwana uku bayan ya cika 18. Shekarun da ya yi yana jira, a makaranta ya yi su.

Daga nan abin ya yi sauri. A Nuwamba 2019 ya buga wa Black Stars wasansa na farko, a Cape Coast, ya kuma ci Afirka ta Kudu ƙwallo. A Yuli 2020 ƙungiyar Ajax ta ƙasar Holan ta saye shi a kan kimanin yuro miliyan 9. Sai dai shi ma jarrabawar jiki ba ta ƙyale shi ba. A Oktoba 2020, a wasansa na farko a gasar zakarun Turai, Ajax na karawa da Liverpool, bai yi minti goma a fili ba gwiwarsa ta samu rauni, ya yi watanni yana jinya. A Nuwamba 2021 ya sake jin ciwo a haƙarƙari yana buga wa Gana, ciwon da ya hana shi zuwa gasar kofin Afirka a Kamaru. Shekara biyu na farko a Holan, jinya ta cinye masa babban rabo daga cikinsu. Da gwiwar nan ta ƙi warkewa, da labarinsa ya tsaya a nan, mutanen Nima su riƙa cewa, "Allah sarki, yaron nan da ya yi nisa."

Gwiwa ta warke. A kakar 2022 ya ci Rangers da Liverpool da Napoli a gasar zakarun Turai. A ranar 28 ga Nuwamba 2022, a gasar cin kofin duniya a Katar, ya zura wa Koriya ta Kudu ƙwallo biyu, Gana ta ci 3 da 2. Kafin shi ba ɗan Gana da ya taɓa cin biyu a wasa ɗaya na kofin duniya. A Agusta 2023 West Ham ta Landan ta saye shi a kan kimanin fam miliyan 38. A Janairu 2024 ya ci Masar biyu a kofin Afirka a Kwaddibuwa. A Yuli 2025 ya koma Tottenham a kan kimanin fam miliyan 55, a Oktoba na shekarar kuma shi ya ci ƙwallon da Gana ta doke Komoros da ita a Accra, ta sami gurbi a kofin duniya na 2026.

Mai saurin yanke hukunci zai ce ga amsa nan ta fito. Wanda ya tafi jami'a ya tsaya a hanya, wanda ya tafi Turai kai tsaye ya zama attajiri, ashe karatu ɓata lokaci ne. Akwai ƙanshin gaskiya a maganar, ba kuwa daidai ba ne a ɓoye shi. Shekarun da ke tsakanin 18 da 21 su ne ɗan wasa ke gogewa. Wanda ya yi su yana karawa da ƙwararru wata tara ko goma a shekara zai fi wanda ya yi su yana buga kakar wata huɗu da 'yan makaranta. Shi ya sa manyan ƙungiyoyin Turai ba safai suke neman ɗan gaba a jami'o'in Amurka ba. Yaron da baiwarsa ta kai ta Kudus, in aka tilasta masa ya bi hanyar jami'a, an rage masa wani abu.

Amma mai wannan hukunci ya manta abu biyu. Na farko, Kudus bai gudu daga makaranta ba. Ƙofar da ya bi ta kai shi Denmak a cikin makaranta take, ba a bayan katangarta ba. Da ya ƙi aji, da ba a riƙe shi shekara da shekaru a wurin ba. Turancin da yake magana da shi a gaban 'yan jarida, da iya zama da baƙi a ƙasar sanyi, da sanin abin da ake sa masa hannu a kai, ba a lungu ya tsince su ba. Na biyu, abin da ya raba labarin mutanen nan biyu ba hikima ba ce, ba kuma ƙoƙari ba. Dukansu sun ji ciwo suna samari. Na ɗaya ya warke sarai, na ɗayan ya yi ta komowa. Ba uban da zai dubi ɗansa mai shekara 12 ya san irin jijiyar da Allah ya ba shi.

Saboda haka ba a auna kyan hanya da inda ta kai wanda ya fi kowa sa'a. Ana auna ta da abin da ta bari a hannun wanda ƙafarsa ta gaza. In aka auna da wannan mudu, hanyar Ɗanladi ba ta yi asara ba. Ranar da gudu ya ragu, yana da takardar gama sakandare, yana da shekara uku na karatu a babbar jami'a, da damar komawa ya ƙarasa, da mutanen da ya sani a aji da wajen aji. Wannan ba fam miliyan 55 ba ne, amma abu ne da ciwon cinya ba ya iya ƙwacewa.

Tarihin ƙwallon Gana ya riga ya koyar da wannan darasi da hawaye. Baba Yara, wanda ake kira sarkin 'yan wasan gefe na Afirka ta Yamma, yana da shekara 26 kawai sa'ad da motar ƙungiyarsa ta Real Republikans ta yi haɗari a Kpeve a 1963. Ya ji ciwo a ƙashin baya, aka kai shi Ingila magani, amma bai ƙara taka ƙwallo ba har ya rasu a 1969. Babban filin wasa na Kumasi yana ɗauke da sunansa, amma sana'arsa a rana ɗaya ta ƙare.

Sai kuma Nii Odartey Lamptey. A 1991 shi ne gwanin gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a Italiya, wadda Gana ta ci. Yana yaro ƙarami ya riga ya shiga ƙungiyar Anderlecht ta Beljiyam, har Pele da kansa ya yabe shi. Amma bai yi karatu mai zurfi ba. Da bakinsa ya faɗa daga baya cewa ya sa hannu a takardun da bai iya karantawa ba, waɗansu suka ci guminsa, aka yi ta yawo da shi daga ƙasa zuwa ƙasa. Da ya komo gida, abin da ya gina shi ne makaranta a Accra, mai suna Glow-Lamp. Mutumin da ƙwallo ta kai shi ko'ina a duniya, da ya tashi barin wani abu ga 'yan baya, aji ya gina musu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Haɗarin da ya fi kusa da gidajen Zango a yau ba ciwon gwiwa ba ne, dillalin ƙarya ne. Yakan zo da kyakkyawar riga da hotuna a waya, ya ce yana da ƙungiya a Turai ko a ƙasashen Larabawa, gwaji kawai ya rage, sai dai a kawo kuɗin biza da na jirgi. Uwa ta sayar da kayan ɗakinta, kawu ya jinginar da fili, yaro ya bar aji ya tafi. Wani sai ya sauka ya tarar ba ƙungiya, ba dillali, bizarsa ta ƙare, kunya kuma ta hana shi komowa. A 2015 gidan rediyon BBC ya ba da labarin yara 23 daga Afirka ta Yamma da aka kai wata ƙungiya a ƙasar Laos, can gabashin Asiya, waɗansunsu ba su wuce shekara 14 ba, suna kwana a ƙasa a cikin ginin filin wasa. Alamar gane irin wannan ba ta da wuya. Ƙungiyar gaskiya ita ke biya, ba ita ake biya ba. Duk wanda ya ce zai fitar da yaro ɗan ƙasa da 18 zuwa ƙungiyar waje, kuma a ba shi kuɗi, to, dokar FIFA ma ta ƙaryata shi. Kudus bai biya kowa ba kafin ya tafi Denmak, Ɗanladi ma bai sayi gurbinsa na Kalifoniya ba.

Akwai dalilin da ya sa maganar makaranta ke da nauyi a Zango fiye da waɗansu unguwanni. A zamanin Turawa yawancin makarantun boko a Gana na mishan ne, iyaye Musulmi kuwa suna tsoron a sauya wa 'ya'yansu addini. Tsoron ba na banza ba ne, gama an yi wuraren da shiga aji da shiga coci suka zama abu ɗaya. Sai iyaye suka tsare yara a makarantar allo, har ya zama a Gana in an ce makaranta, ta Alƙur'ani ake nufi. Sakamakon haka Zango ya daɗe a baya wajen aikin gwamnati da na ofis, aka bar 'ya'yansa da kasuwa da tuƙi da gadi da ƙwallo. Amma wannan uzuri ya ragu ƙwarai. Tun 1987 hukumar ilimi ta Gana ta kafa sashen makarantun Islamiyya, inda yaro ke koyon Larabci da addininsa tare da lissafi da Turanci. A 2017 kuma gwamnati ta ɗauke kuɗin babbar sakandare. Abin da ke fitar da yaro daga aji yanzu ba tsoron mishan ba ne kamar da. Sau da yawa talauci ne, sau da yawa kuma mafarkin Landan.

To, me uba zai yi in ya ga ɗansa yana da ƙafa? Duka ba magani ba ne. Wanda ya fasa ƙwallon ɗansa da wuƙa bai sa shi son littafi ba, ya dai koya masa ɓoye abu. Baiwa kyauta ce daga Allah, ba a binne ta. Abin da ya fi shi ne uban ya tashi da ƙafarsa ya je filin, ya ga mai horar da yaron, ya yi masa tambayoyi kamar yadda zai yi wa mai neman auren 'yarsa. Ƙungiyar nan tana da rajista da hukumar ƙwallo ta Gana? Ƙarfe nawa ake atisaye, kafin a tashi makaranta ko bayan an tashi? In yaro ya faɗi jarrabawa, ana barinsa ya yi wasa? In ya karye, wa ke kai shi asibiti? In wata takarda ta zo ta sa hannu, kada a taɓa alƙalami sai an kai wa wanda ya iya karatu, wanda kuma ba shi da rabo a cinikin. Mai horarwa na ƙwarai ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Wanda ya ji haushi kuwa ya riga ya ba da amsa.

Shi ma yaron akwai abin da ya kamata a faɗa masa a fili, ba da faɗa ba. Ɗan wasan gaba in ya yi sa'a ƙwarai yakan yi shekara goma sha biyar yana wasa. Yana kaiwa talatin da 'yan kai za a fara kiransa tsoho, alhali tsaransa a kasuwar Nima yanzu suke kafa jari. Sauran shekarun da Allah ya ba shi, talatin ne ko arba'in, da kansa zai ci abinci, ba da ƙafarsa ba. Ko aikin da ke cikin ƙwallon ma, horarwa ne ko alƙalanci, duba lafiyar 'yan wasa ne ko riƙe asusun ƙungiya, duk sai da takarda. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mutanen Nima suna da dalilin yin alfahari da Kudus, ba kuwa mai hana su. Yaro ne da ya fito daga lungunansu ya sa duniya ta san sunan unguwar ta hanyar alheri, bayan shekarun da in an ambaci Nima a jarida sai a kan laifi ko ƙazanta. Amma in ana ba yara labarinsa, a ba su shi cikakke. A faɗa musu shekarun da ya yi a aji yana jiran ya cika 18, da watannin da ya yi yana jinyar gwiwa ba ya san ko zai komo ba. A haɗa musu da labarin Ɗanladi, wanda aka zaɓa na farko a Amurka duka, jiki ya ƙi, amma bai tashi hannu wofi ba. Makarantar da ta rene su ba ta tambaye su wanne za su ɗauka tsakanin ƙwallo da littafi ba. Ta ɗora musu duka biyun, domin ita ma ba ta san wanda jijiyarsa za ta riƙe ba. Abin da masu wannan sana'a ba su iya sani ba, uba a Mamobi ko Tudu ba zai sani ba. Ya bar yaron ya buga ƙwallonsa da la'asar, amma da safe ya tabbata ya ga bayansa ya nufi aji. Allah ya raya zuriya, ya kuma ba iyaye haƙurin tarbiyya.